Hular Ƙoda Da Masu Ba Ta Umurni: Tarihin Wani Bincike Na Fiye Da Shekara 400

A bisa kowace ƙoda ta ɗan'adam akwai wani ɗan ƙullutun nama rawaya-rawaya, nauyinsa bai wuce giram 4 ko 5 ba, yana zaune a kanta kamar yadda hula ke zama a ka. Likitoci suna kiransa adirinal, daga kalmar Latin mai nufin abin da ke jikin ƙoda, amma a nan za a kira shi hular ƙoda. Dabbobi ma suna da ita, mahauci kuwa yakan haɗa ta da kitsen ƙoda ba tare da ya lura ba. In aka tsaga ta sai a ga kashi biyu: ɓawo a waje, wanda ya ɗebe kusan kashi 9 cikin 10, da ɓargo a tsakiya. Abin mamaki shi ne asalinsu ba ɗaya ba ne. Tun jariri yana ciki, ɓawon yakan tsiro daga naman da gaɓoɓin haihuwa ke fitowa, ɓargon kuwa ɗan'uwan jijiyoyin laka ne, tasowa yake yi daga wani wuri ya shige cikin ɓawon ya zauna. Dalilin wannan zaman tare bai bayyana ba sai a 1965.

Wanda ya fara bayyana hular ƙoda a rubuce shi ne Bartolomeo Eustachi, malamin ƙirar jiki a birnin Rum, cikin littafinsa da aka buga a Venice a 1564. Daga nan aka yi ta kirdado. Waɗansu suka ce tana tace wani baƙin ruwa ne, waɗansu suka ce matashi ce kawai don ƙoda. A 1716 Majalisar Masana ta birnin Bordeaux a Faransa ta sa gasa, ta yi alkawarin kyauta ga duk wanda ya faɗi amfaninta. Wanda aka ɗora wa duba amsoshin shi ne Montesquieu, wanda daga baya ya shahara a ilmin dokoki da tsarin mulki, a lokacin bai cika shekara 30 ba. Ya karanta su duka, ya ga babu mai hujja, aka hana kowa kyautar. Hukuncinsa daidai ne, gama sai da aka ƙara kusan shekara 140 kafin a sami abin kamawa.

A 1855 Thomas Addison, likita a asibitin Guy's na Landan, ya buga ɗan littafi a kan majinyata 11 waɗanda suka yi fama da kasala mai tsanani, da raunin bugun zuciya, da amai, da wani irin duhun fata, har suka mutu. Da aka buɗe gawarwakinsu aka tarar hular ƙodarsu ta lalace, da yawa daga cikinsu saboda tarin fuka. Wannan ita ce cutar da har yau take ɗauke da sunansa. A Turai yanzu yawancin masu ita garkuwar jikinsu ce ke cinye ɓawon, amma a ƙasashen Afirka tarin fuka yana nan cikin manyan dalilanta, kuma duhun fatan da ya ja hankalin Addison yana da wuyar ganewa a jikin baƙar fata, sai likita ya duba dasashi da layukan tafin hannu. Shekara guda bayan littafin, Brown-Séquard, haifaffen tsibirin Morishiyas mai aiki a Paris, ya cire hular ƙoda daga karnuka da kyanwoyi da zomaye, dukansu suka mutu cikin ɗan lokaci. Abokan hamayyarsa suka ce wahalar fiɗa ce ta kashe su, amma gaskiya tana wajensa.

Ɓargon ne ya fara tona asirinsa. A 1894 George Oliver da Edward Schäfer, a Landan, suka yi wa kare allurar ruwan da aka tatsa daga hular ƙoda, nan take jininsa ya hau fiye da yadda suka taɓa gani. A 1901 Jokichi Takamine, mutumin Japan mazaunin New York, ya ware sinadarin tsantsarsa, aka sa masa suna adirenalin. Kalmar homon kanta ba a ƙirƙiro ta ba sai 1905, daga bakin Ernest Starling.

Wajibi ne a tsaya a nan a bambanta abu biyu, domin sauran labarin a kansu ya rataya. Homon manzo ne: wata gaɓa ce ke sakinsa cikin jini, ya tafi ya isar da umurni ga wata. Enzayim kuwa ma'aikaci ne, furotin mai juya wani sinadari ya koma wani, shi kuma bai ƙare ba. Mai dama kunun zaƙi da ke zuba niƙaƙƙen dankali ko tsiron hatsi cikin gasara, har kaurin ya sake zaƙi ya fito, da enzayim take aiki, ko da ba ta san sunansa ba. To, kowane homon na hular ƙoda enzayim ne ke ƙera shi, kuma ba guda ba, jeri ne, kamar yadda auduga ke bi ta hannun mai kaɗi, da masaƙi, da marini, da mabugi kafin ta zama riga. Saboda haka duk wanda ke son ya mallaki yawan homon da ke fita, dole ya mallaki waɗannan ma'aikata. Tambayar da ta cinye rabin ƙarni na 20 ita ce: wa ke ba su umurni, kuma ta wace hanya?

Cikin shekarun 1920 da 1930 ya tabbata cewa ɓawon ne rai ya dogara a kansa. Edward Kendall a asibitin Mayo na Amurka da Tadeus Reichstein a Suwizalan suka dinga sayen hular ƙodar shanu tan-tan daga mayanka, suka ware sinadarai kusan 30, dukansu dangin kolestarol. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka baza jita-jita cewa matuƙan jiragen saman Jamus suna shan ruwan hular ƙoda don su jure tashi can sama. Ƙarya ce, amma ita ta sa gwamnatin Amurka ta zuba kuɗi a binciken. A watan Satumba na 1948 Philip Hench ya yi wa wata mata mai ciwon sanyin gaɓoɓi allurar ɗaya daga cikin sinadaran Kendall, wanda daga baya aka sa wa suna kotison. Matar da ba ta iya tashi daga gado, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. Su ukun suka sami kyautar Nobel a 1950. Homon da ɓawon ɗan'adam ya fi saki shi ne kotisol, ɗan'uwan kotison na kusa, mai riƙe sukarin jini da ƙarfin bugunsa sa'ad da jiki ya shiga wahala.

Mai ba ɓawon umurni kuwa an gano shi tun kafin haka. Wajen ƙarshen shekarun 1920 Philip Smith ya ƙware wajen cire wa ɓera fituwitari, wani ƙullutu da ke rataye a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wanda a jikin mutum bai fi ƙwayar wake ba. Duk ɓeran da aka cire wa, sai ɓawon hular ƙodarsa ya motse; in aka dasa masa wata fituwitari sai ya farfaɗo. Manzon da ke tsakaninsu shi ne ACTH, ɗan gajeren furotin mai amino asid 39. Ita ma fituwitari tana da nata shugaban a gindin ƙwaƙwalwa, wanda Wylie Vale da abokan aikinsa ba su iya ware shi ba sai 1981, bayan sun yi aiki da ƙwaƙwalwar tumaki kusan rabin miliyan.

Sanin manzo daban, sanin abin da yake yi in ya iso daban. Ɓawon ba ya ajiyar kotisol mai yawa, ƙera shi yake yi sa'ad da aka bukata, kuma mintoci kaɗan bayan isowar ACTH sai a ga kotisol ya ƙaru a jini. A 1954 Stone da Hechter suka bi jerin ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya, suka nuna cewa ACTH a matakin farko yake taɓawa, inda ake datse kabon 6 daga cikin 27 na kolestarol ya zama firegnenolon. Duk abin da ya wuce wannan ƙofa, sauran ma'aikata sukan gama da shi ba tare da an tsaya a kansu ba. A 1958 Robert Haynes, a Cleveland, ya nuna cewa ACTH yana sa a tara wani ɗan sinadari a cikin ƙwayoyin ɓawon, wanda Earl Sutherland bai daɗe da ganowa a hanta ba, ana taƙaita sunansa cAMP. Watau manzon a bakin ƙofa yake tsayawa, ya ba wani ɗan aike na cikin gida saƙon. Haynes ya ɗauka cewa aikin wannan ɗan aike shi ne ya sa a fasa ajiyar sukari don a sami makamashin aiki. Wannan ɓangare na ra'ayinsa bai tsaya ba, amma na farkon yana nan daram, ya kuwa isa mutum alfahari.

Su wane ne ma'aikatan? A 1962 Omura da Sato a Osaka suka bayyana wani furotin na hanta mai ɗauke da ƙarfe irin na jini, suka sa masa suna P450, ba tare da an san amfaninsa ba. Hular ƙoda ce ta warware wannan. A 1963, a Philadelphia, Estabrook da Cooper da Rosenthal suka ɗauki ɓawon hular ƙodar sa, suka busa masa iskar kabon monoksaid, irin wadda gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki, sai ɗaya daga cikin matakan ƙera kotisol ya tsaya cik. Da suka haska shi da shuɗin haske mai zangon nanomita 450, sai aikin ya ci gaba. Da wannan gwaji mai kyawun tsari aka gane cewa P450 enzayim ne, daga baya kuma ya bayyana cewa yawancin ma'aikatan ɓawon 'yan wannan dangi ne, haka ma waɗanda ke narkar da magunguna a hanta.

Sauran ƙulli guda, shi ne kuma mafi taurin kai. A 1963 James Ferguson ya ga cewa in aka hana ƙwayoyin ɓawon ƙera sabon furotin, ACTH ba ya iya kome. A 1965 Garren da abokan aikinsa suka ƙara da cewa wannan furotin, ko mene ne shi, ransa mintoci ne kawai. Amma enzayim ɗin da ke datse kolestarol yana nan zaune, bai ragu ba, ba kuma shi ake sabuntawa ba. Sannu a hankali aka fahimci cewa matsalar ta kai kaya ce. Enzayim ɗin yana can cikin bango na biyu na mitokondiriya, ɗan ɗakin da ƙwayar halitta ke samar da makamashi, kolestarol kuwa maiƙo ne, ba ya iya ƙetare ruwan da ke tsakanin bangon waje da na ciki. Marini yana bakin karofi da babansa a shirye, amma babu mai miƙo masa zane. Shekara 30 ana neman wannan ɗan dako. Nanette Orme-Johnson ta hango alamarsa a shekarun 1980, sa'an nan a 1994 Barbara Clark da Douglas Stocco, a Texas, suka kama shi, suka sa masa suna StAR. Hujjar da ta rufe bakin masu shakka daga asibiti ta zo. Akwai jarirai da ake haifa ba sa iya ƙera ko ɗaya daga homon ɗin ɓawo, hular ƙodarsu ta kumbura da kolestarol da ya rasa mafita. An daɗe ana zargin enzayim ɗin, aka bincika aka tarar lafiyarsa lau. A 1995 Walter Miller da Stocco da abokan aikinsu suka nuna cewa ƙwayar gadon StAR ce ta lalace a jikinsu.

Wannan shi ne umurnin gaggawa. Akwai kuma na dogon lokaci, wanda Simpson da Waterman suka bi diddiginsa a Dallas cikin shekarun 1980: in ACTH ya daɗe yana zuwa, awoyi ko kwanaki, sai ƙwayoyin ɓawon su ƙara karanta ƙwayoyin gadon enzayim ɗin, ma'aikata su yawaita, ɓawon kansa ya yi kauri. In ya daina zuwa, sai akasin haka.

Kotisol kuma da kansa yake komawa ga fituwitari ya ce ya isa. Inda wannan amsa ta yanke, ɓarna takan biyo baya. Kusan jariri 1 cikin 15,000 ana haifarsa da raunin enzayim ɗin nan da aka gwada a Philadelphia. Kotisol ba ya fita, fituwitari ta yi ta aiko da ACTH ba ƙaƙƙautawa, ɓawon ya girma, kayan da suka taru a bayan matakin da ya toshe su malala zuwa hanyar ƙera homon na maza. 'Ya mace takan zo duniya da al'aura mai rikitarwa, jariri na kowane jinsi kuma yana iya zubar da gishirin jikinsa ya mutu cikin makonnin farko. A 1950 Lawson Wilkins na Johns Hopkins ya ba irin waɗannan yara kotison, fituwitari ta yi shiru, homon na maza ya sauka.

Shimfiɗar waje ta ɓawon ita ba ta bin fituwitari sosai. Tana ƙera aldosteron, mai hana gishiri zubewa a fitsari da gumi, wanda Sylvia Simpson da James Tait suka gano, aka ware shi a 1953 tare da Reichstein. Masu ba ta umurni su ne yawan fotasiyam a jini da wani homon mai suna anjiyotensin, wanda ƙoda ke tayar da shi in jini ya ragu. A 1992 Richard Lifton ya bayyana waɗansu zuriyoyi masu hawan jini tun ƙuruciya, waɗanda ƙwayar gadon enzayim ɗin aldosteron ta manne da makunnin na kotisol a jikinsu, har ya zama ma'aikacin gishiri yana karɓar umurnin ACTH, shugaban da ba nasa ba.

Yanzu a koma ga ɓargo da tambayar farko. A 1939 Hermann Blaschko ya zana hanyar ƙera adirenalin daga amino asid mai suna tayirosin, mataki 4, na kusa da ƙarshe shi ne noradirenalin, wanda Ulf von Euler ya nuna a 1946 cewa shi jijiyoyi ke saki. Bambancin su biyun ɗan ƙanƙane ne, kabon 1 da haidirojin ɗinsa, amma adirenalin ya fi ƙarfi wajen fito da sukari daga hanta da buɗe hanyoyin numfashi. A farkon shekarun 1950 Rex Coupland, masanin ƙirar jiki a Ingila, da waɗansu suka lura da wani abu. A jikin wani ƙaramin kifin shak, inda naman ɓargo yake zaune dabam da na ɓawo, noradirenalin ya fi yawa. A jikin zomo, inda ɓawo ya lulluɓe ɓargo ruf, kusan duka adirenalin ne. A jikin jariri ma akwai irin naman ɓargo a gefen babbar jijiyar jini ta ciki, nesa da ɓawo, shi ma noradirenalin yake yi. Coupland ya yi hasashen cewa wani abu daga ɓawon ne ke sa a cika matakin ƙarshe. Hasashen ya kwanta fiye da shekara 10, don babu hanyar auna shi.

Hanyar ta fito daga hannun Julius Axelrod, a Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka da ke Bethesda. Mutum ne da makarantun likitanci suka ƙi ɗauka, ya yi shekaru yana aikin awon sinadarai a ɗakin gwaji, ya rasa ido guda a haɗarin aiki, bai sami digirin dakta ba sai 1955, yana da shekara 42. A 1962 ya tace enzayim ɗin matakin ƙarshe, wanda ake kira PNMT, ya kuma tsara yadda za a auna ƙarfinsa. Wani matashin likita da ke aiki tare da shi, Richard Wurtman, shi ya ɗauko tsohuwar tambayar. Dabararsu mai sauƙi ce. Ba za a iya fere ɓawo a bar ɓargo lafiya ba, amma ana iya kashe wa ɓawon murya ta hanyar Smith, watau a cire fituwitari. Suka yi haka ga ɓeraye, PNMT ya faɗi ƙwarai. Suka yi musu allurar ACTH, ya dawo. Sai dai mai gardama yana iya cewa ACTH ne ke magana da ɓargon kai tsaye. Saboda haka suka ba waɗansu ɓerayen deksametason, maganin da aka ƙera a kan siffar kotisol, wanda ba ya tayar da ɓawo ko kaɗan, PNMT kuwa ya dawo duk da haka. Suka buga sakamakon a 1965 da 1966.

Akwai wani abin lura a cikin gwajin wanda ya fi sauran daraja. Ɗan adadin homon da ke wadatar da sauran jiki bai isa ya tayar da PNMT ba, sai an ba da mai yawa ƙwarai. Ma'anarsa ita ce ɓargon ya saba da wanka cikin kotisol mai kauri, irin wanda ba a samu ko'ina sai a tsakiyar masana'antarsa, kafin ya tsarma cikin jinin jiki. Dalilin zaman ɓargo a cikin ɓawo ke nan. Masana ƙirar jiki sun yi jayayya daga baya a kan ko ta jijiyoyin jini kotisol ke isa ɓargon ko ta cuɗanyar ƙwayoyin sassan biyu, amma babu mai musun isarsa. Yadda yake aiki ma ya zama fuska biyu: a shekarun 1970 Roland Ciaranello ya nuna cewa yana jinkirta rushewar enzayim ɗin, daga baya kuma aka sami wurin da yake kamawa a jikin ƙwayar gadon PNMT ya sa a ƙara ƙera shi.

Matakin farko na jerin kuwa a hannun jijiya yake. A 1969 Thoenen da Mueller da Axelrod suka nuna cewa in jijiyar da ke shiga ɓargon ta daɗe tana aiko da saƙo, enzayim ɗin da ke fara sarrafa tayirosin yakan ƙaru, in aka yanke jijiyar kuwa ba ya ƙaruwa. Axelrod ya karɓi kyautar Nobel a 1970 tare da von Euler da Bernard Katz, bisa aikinsu a kan saƙonnin jijiyoyi.

Abin da aka gani a ɓera sai da ya jira shekara 35 kafin a tabbatar da shi sarai a jikin mutum. A 2000 Deborah Merke da abokan aikinta suka auna yaran nan masu irin cutar da Wilkins ya yi wa magani, suka tarar adirenalin ɗinsu ya yi ƙasa ƙwarai, ɓargonsu ma bai ginu daidai ba. Kotison da suke sha yana isar jiki, amma bai kai kaurin da ɓargo ke bukata ba, wannan kuwa yana cikin abin da ke sa sukarin jininsu ya faɗi sa'ad da zazzaɓi ko gudawa ta kama su.

Wannan tarihi yana da ƙofa da ta buɗe kai tsaye cikin kasuwannin ƙasar Hausa. Deksametason ɗin da Wurtman ya ba ɓeraye, shi ne waɗansu ke saya a kantin magani ba da takardar likita ba, don neman ƙiba ko don ciwon gaɓoɓi, danginsa kuma suna cikin mayukan bilicin da yawa, suna ratsa fata su shiga jini. Fituwitari ba ta bambanta su da kotisol, sai ta ɗauka ya wadata, ta daina aiko da ACTH. Daga nan sai abin da Smith ya gani a ɓerayensa ya auku a jikin mutum: ba a ƙera StAR, enzayim su ragu, ɓawon ya motse. Muddin ana shan maganin ba a ganin wannan, sai dai kumburin fuska da hawan jini da ciwon sukari. Ran da aka bari farat ɗaya, ko aka shiga haihuwa ko fiɗa ko zazzaɓi mai tsanani, jiki ya nemi kotisol ya rasa, mutum yana iya faɗawa cikin halin majinyatan Addison cikin 'yan awoyi, jini ya sauka, ga amai, ga suma. Shi ya sa likitoci ke janye irin wannan magani kaɗan-kaɗan, suna auna kotisol na safiya, lokacin da ya fi yawa a jini. Ga wanda ya daɗe yana sha, farfaɗowar fituwitari da ɓawon takan ɗauki watanni, wani lokaci har shekara guda ko fiye.